San Luwi na Faransa: sarkin da ya ba talakawa damar kai ƙarar ma'aikatansa

Ranar 25 ga watan Agusta ta kowace shekara Kiristoci ƴan Katolika kan tuna da Luwi na Tara, wanda ya yi sarautar Faransa daga 1226 zuwa 1270, wanda kuma shi kaɗai ne cikin sarakunan ƙasar wani Fafaroma ya shigar da sunansa jerin waliyyai. Sau biyu ya ɗaura yaƙi zuwa ƙasashen Musulmi, sau biyun kuma bai ji da daɗi ba: a Masar aka kama shi, a Tunus ajali ya riske shi. Abin da ya raya sunansa yana cikin rajistocin ƙara, da rantsuwar ma'aikata, da nauyin azurfar da ya buga, abubuwa uku da kowane ɗan kasuwa da kowane ma'aikacin gwamnati na Maraɗi ya san muhimmancinsu.

Sunan da aka sani

Tsofaffin ma'aikata da suka zauna bencin lakkol a zamanin da ake karantar da tarihin Faransa kamar tarihin gida ba su manta da hoton ba: wani sarki zaune gindin babban itace a dajin Vincennes, kusa da Paris, talakawa na gabatowa ɗaya bayan ɗaya da kokensu, ba dogarin da ya tare su. Ga yaron da ya taso yana ganin zaman fada a ƙofar Sarkin Katsina na Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, hoton nan bai zama baƙo ba, illa dai tufafin sun bambanta.

Sunan kuma ya iso yankin nan ta wata hanyar. Birnin San Luwi na bakin kogin Sanigal, wanda Faransawa suka kafa a 1659, sunan wannan sarki ya ci. Daga 1895 zuwa 1902 can ne mazaunin babban gwamnan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, can kuma aka buɗe makarantar horon malamai a 1903, wadda daga baya ta koma tsibirin Gore, ta ɗauki sunan William Ponty, ta yaye irin su Bubu Hama da Diori Hamani. Ke nan ƴan boko na farko na ƙasar nan sun daɗe da jin sunan, ko da yake labarin mai sunan bai wuce musu wannan hoto na gindin itace ba.

Maraya bisa gadon sarauta

An haifi Luwi ran 25 ga Afrilu 1214 a garin Poissy. Yana da shekara 12 mahaifinsa, Luwi na Takwas, ya rasu, aka yi gaggawar naɗa shi a majami'ar Reims ran 29 ga Nuwamba 1226, tun manyan hakimai ba su gama ƙulla makircinsu ba. Mahaifiyarsa Blanche, gimbiya daga Kastil ta ƙasar Sifen, ita ta riƙe masa ƙasa, ta murƙushe masu tawaye da takobi, ta raba kan sauran da dabara. Wanda ya san matsayin Iya a Maraɗi ko na Inna a Gobir ba zai yi mamakin ganin mace da irin wannan iko a bayan gadon sarauta ba. Ta yi masa tarbiyyar addini mai tsanani, har an rawaito takan ce masa gara ta ga gawarsa da ta ji ya aikata babban zunubi. A 1234 ya auri Marguerite ta Provence, suka haifi ƴaƴa 11, a 1242 kuma ya kori sojojin sarkin Ingila a Taillebourg.

Faransa ta wancan zamani ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Manyan hakimai suna da kotunansu, da mayaƙansu, da kuɗin da suke bugawa. Amma tun zamanin kakan Luwi, Filip Ogust, ƙasar da sarki ke mulki kai tsaye ta yi ta faɗaɗa: Normandi ta shigo a 1204, wani babban yanki na kudu ya biyo baya a 1229. Domin riƙe waɗannan larduna aka naɗa wakilan sarki masu albashi, kwatankwacin parfe, waɗanda ke haɗa shari'a da karɓar lampo da jagorancin soja. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan ma'aikata da ke sayen kujerunsu: mutum ya biya baitulmali kuɗi tun gaba, sa'an nan ya je ya fanshe daga tara da kuɗin kasuwa. A ƙasa kuma akwai dogarai. Wanda ya sayi kujera da kuɗi kuwa, a jikin talaka yake mayar da uwar kuɗinsa har da riba.

Binciken shekarar 1247

A watan Disamba 1244 Luwi ya kwanta ciwo mai tsanani, har matan da ke jinyarsa suka yi gardama ko lokacin rufe masa fuska ya yi. Da ya farfaɗo sai ya yi alwashin tafiya yaƙin gicciye domin karɓo Birnin Ƙudus, wanda ya kuɓuce daga hannun Kiristoci a wannan shekara. Shiri ya ɗauke shi fiye da shekara uku: aka gina tashar jiragen ruwa ta Aigues-Mortes, aka tara hatsi tuli-tuli a tsibirin Kubrus. Cikin shirin nan ne ya yi abin da ba a saba gani ga sarakunan zamaninsa ba.

Luwi ya yi imani cewa ba zai yi nasara ba muddin akwai haƙƙin wani a wuyansa, kuma abin da dogarinsa ya ƙwace da sunansa, shi za a tambaya ranar hisabi. Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Saboda haka a 1247 ya aiki masu bincike cikin larduna, galibinsu limaman ɗariƙun Faransis da Dominik, mutanen da suka yi alwashin zaman talauci, ba su da gona, ba su da ɗa, ba su da abin da za a toshe musu baki da shi. Aikinsu shi ne su sauka gari, a yi shela, duk wanda wakilin sarki ko dogarinsa ya zalunta, a zamanin Luwi ko na ubansa ko na kakansa, ya zo ya faɗi. A saurari shaidu, a rubuta, a mayar wa mai abu abinsa.

Dubban waɗannan ƙararraki sun wanzu a rubuce cikin taskokin tarihin Faransa, kuma mai karanta su sai ya ɗauka a wata kasuwar ƙauye ta yau aka tattaro su. Wannan an karɓe masa doki da sunan aikin sarki ba a dawo da shi ba, wancan an tsare shi ba laifi sai da ya ba da toshiyar baki. Gwauruwa na kukan saniyarta, wani na kukan tukunya da bargo da aka ɗauke jingina. Muryar manomi da ta ƙaramin ɗan kasuwa ta shiga takardun fada da sunayensu.

Masana tarihi na baya-bayan nan sun rage wa labarin gishiri. Sun nuna cewa abin da aka mayar sau da yawa kaɗan ne, cewa manyan wakilai an fi canza musu wurin aiki a kan a hukunta su, cewa a kudu an hana diyya ga waɗanda aka zarga da tawaye ko da bidi'a, cewa kuma binciken ya taimaki sarki ya kafa ƙafarsa a lardunan da aka ci da yaƙi. Duk da haka asalin abin yana nan: sarki mai ci, ba wanda ya tilasta masa, ya buɗe ƙofar ƙara a kan hukumarsa, ya kuma sake aika masu binciken bayan dawowarsa, har abin ya zama al'ada.

Ma'aunin Masar

Ran 25 ga Agusta 1248 ya shiga jirgi. Ya nufi Masar, domin a nan ƙarfin daular Ayyubawa yake, wanda kuma ya riƙe Masar shi ke riƙe da mabuɗin Ƙudus. A watan Yuni 1249 ya ci garin Dimyaɗ ba da wata wahala ba. Sarkin Masar, Salih Ayyub, ya rasu a watan Nuwamba, matarsa Shajaratud Durri ta ɓoye mutuwar, ta ci gaba da ba da umurni da sunansa har magajinsa Turanshah ya iso. A watan Fabrairu 1250 ƙanen Luwi, Robert na Artois, ya kutsa cikin garin Mansura da gaggawa ba tare da jiran sauran runduna ba, mayaƙan Mamluk suka rufe su cikin lunguna suka karkashe. Daga nan jiragen Masar suka datse kogin Nilu, abinci ya yanke, yunwa da atini suka gama da rundunar. Ran 6 ga Afrilu aka kama Luwi, ko tsayuwa ba ya iyawa, aka tsare shi gidan alƙali Ibn Luƙman a Mansura, gidan da Misirawa suka mayar gidan tarihi.

Aka daidaita a kan fansa: Dimyaɗ a bakin ran sarki, fam 400,000 a bakin rundunarsa, abin da ya zarce kuɗin shigar masarautar na shekara guda. Fam ɗin Faransa na lokacin tsarinsa ɗaya da wanda tsofaffin fataken Maraɗi suka sani a kasuwannin Katsina da Kano kafin zuwan naira a 1973: fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12. Rabin kuɗin aka sharɗanta a biya kafin sarki ya bar Masar, kuma da ma'auni aka yi ta awon su, kowane awo fam 10,000, har kwana biyu.

Jean de Joinville, wani basarake da ya yi wannan tafiya tare da sarki, ya kuma rubuta tarihinsa, ya ba da labarin abin da ya faru da aka gama. Wani bafade ya zo yana murna, ya shaida wa sarki cewa an yi wa Musulmi ƙwange na awo guda, ba su lura ba. Sarki ya fusata ƙwarai. Joinville ya taka wa mutumin ƙafa, aka ce ai raha ce. Luwi ya ce wannan mummunar raha ce, ya ba da umurni in dai da gaske fam 10,000 sun rage, a cika su, domin alkawari ya yi. Mutanen nan abokan gabansa ne, sun kashe ƙanensa, amma bai ga hakan ya halatta masa tauye mudu ba. Ragowar rabin fansar daga baya Mamluk suka yafe ta cikin wata yarjejeniya, bayan kowane gefe ya zargi ɗaya da saɓa sharaɗi.

Dawaki biyu da dokar 1254

Luwi ya yi shekara huɗu a gaɓar Sham yana gyaran ganuwoyi da fansar fursunoni. Mahaifiyarsa ta rasu a 1252, ya dawo gida a 1254 yana mai ganin zunubansa ne suka jawo faɗuwar. Da saukarsa a garin Hyères abubuwa biyu suka faru. Wani mai wa'azi, Hugues na Digne, ya gaya masa a bainar jama'a cewa bai taɓa karanta labarin wata daula, ta masu bi ko ta marasa bi, da ta rushe ba sai ta hanyar rashin adalci. Malaman Musulunci sun daɗe da faɗin makamancin wannan, cewa mulki kan ɗore da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci.

Na biyu, shugaban gidan ƴan zuhudu na Cluny ya kawo gaisuwar dawaki biyu masu tsada, ɗaya na sarki, ɗaya na sarauniya, ya ce gobe zai dawo da wata magana. Washegari sarki ya saurare shi dogon lokaci cikin sakin fuska. Da baƙon ya fita, Joinville ya tambayi sarki ko dawakin jiya sun ƙara masa haƙurin sauraro. Luwi ya yi shiru yana tunani, sa'an nan ya amsa cewa gaskiya sun ƙara. Joinville ya ce to, in haka ta faru ga sarki, sai a hana ƴan majalisa da alƙalai karɓar kome daga masu ƙara. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

A watan Disamba na wannan shekara aka fitar da babbar doka a kan ma'aikata, aka kuma ƙarfafa ta a 1256. Kowane wakilin sarki zai yi rantsuwa a gaban jama'a cewa zai yi shari'a ba tare da duban mai kuɗi ko matalauci, ɗan gari ko baƙo ba. Ba zai karɓi kyauta ba, shi ko matarsa ko ƴaƴansa, sai ɗan abin ci da sha da bai wuce sule 10 ba. Ba zai kai gaisuwa ga na sama da shi ko ga masu binciken lissafinsa ba. Ba zai ci bashin da ya wuce fam 20 daga mutanen lardinsa ba. Ba zai sayi gona ko gida a inda yake aiki ba, ba zai aurar da ƴaƴansa a can ba sai da iznin sarki. Ba za a ci tarar mutum a ɓoye ba, sai a zaman kotu. Sharaɗin da ya fi duka nauyi shi ne na ƙarshe: in an sauke ma'aikaci ko an canza masa wuri, zai zauna a lardin kwana 40, kamar yadda Joinville ya rawaito, domin duk mai ƙara a kansa ya same shi ba rigar iko a jikinsa.

Manya ma ba su tsira ba. A 1259 Enguerrand na Coucy, ɗaya daga cikin manyan hakiman ƙasar, ya rataye samari uku don an same su suna farautar zomo a dajinsa. Sarki ya sa aka kama shi aka kulle, ya ƙi yarda a raba gardama da takobi kamar yadda ƴan sarauta suka saba, ya ce shaidu za a saurara. Kusan duk hakiman Faransa suka tsaya bayan ɗan'uwansu. Da ƙyar ya tsira da ransa, aka ci shi tarar da ba ta gaza fam 10,000 ba, aka kuma karɓe dajin. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, in ji masu iya magana. Luwi ya ɗauka cewa sarkin da ya bar mugun bafade ya wala, shi ma ya shiga cikin laifin.

Kasuwa da kuɗi

A birnin Paris ya daina sayar da kujerar wakilin gari ga wanda ya fi tayi, ya naɗa Etienne Boileau da albashi wajen 1261. Shi wannan Boileau ya kira shugabannin sana'o'i, kwatankwacin sarkin pawa da sarkin maƙera da sarkin aska, ya sa kowa ya faɗi ƙa'idodin sana'arsa aka rubuta: shekarun koyo, ingancin kaya, awo, da kuɗin da hukuma za ta karɓa. Kundin, wanda aka kammala wajen 1268, ya ƙunshi sana'o'i kimanin 100. Amfaninsa a fili yake, domin abin da aka rubuta, dogari ba ya iya ƙara masa kwabo a bakin rumfa.

Sai maganar kuɗi. A 1263 ya zartar cewa kuɗin sarki za su yi aiki ko'ina cikin ƙasa, na hakimai kuwa iyakarsu ƙasar mai su, ba kuma wanda zai kwaikwayi tambarin sarki. A 1266 ya buga sabon sule na azurfa kusan tsantsa, mai nauyin giram 4 da ɗoriya, wanda ya karɓu har a wajen Faransa, ƙasashe maƙwabta suka yi ta kwaikwayonsa. Darajar wannan aiki ta fito ne bayan mutuwarsa, lokacin da jikansa Filip na Huɗu, daga 1295, ya shiga rage azurfar kuɗi domin biyan yaƙe-yaƙensa. Farashi ya rikice, mai bin bashi ya yi hasara, jama'a suka yi ta kiran a koma ga kuɗin kirki na zamanin San Luwi. Ƴan kasuwar da suka kwana da jikkunansu ran 11 ga Janairu 1994, suka wayi gari tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, ba sa bukatar a fassara musu wannan kuka.

Tara yake, bai cika goma ba

Wajen ibada da sadaka ba a yi gardama a kansa ba. Yakan yi azumi, ya sa tufafi marasa ado, ya wanke ƙafafun matalauta, ya ciyar da kuturu da hannunsa. Wajen 1260 ya gina wa makafi 300 gida a Paris, wanda daga baya ya zama asibitin ido. Ya taimaki limaminsa Robert de Sorbon da gidaje domin ɗalibai matalauta, asalin jami'ar Sorbonne ke nan. Ya sayi kambin ƙaya da Kiristoci suka yi imani an ɗora wa Annabi Isa a kan fam 135,000, ya gina masa majami'a ta musamman da aka buɗe a 1248.

Amma ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Tsoron Allahn da ya sa shi mayar wa gwauruwa saniyarta, shi ya sa shi ƙeƙashe zuciya ga wanda ba addininsu ɗaya ba. A zamaninsa aka gurfanar da littafin Talmud na Yahudawa a 1240, aka ƙone amalanke fiye da 20 na littattafai a Paris bayan shekara biyu. A 1269 ya tilasta wa Yahudawa ɗinka wani ƙyalle mai da'ira a rigunansu domin a gane su. A 1244 sojojinsa suka ci dutsen Montségur, aka ƙone mutum fiye da 200 na wata ɗariƙa da Majami'a ta kafirta. Ya sa an yi wa wani mutumin Paris lalas a leɓe saboda zagin Allah, har Fafaroma Kilemen na Huɗu ya shawarce shi ya sassauta irin wannan horo. Yaƙe-yaƙensa biyu kuwa hari ne a kan ƙasashen da ba su taɓa shi ba, an kuma yi hasarar dubban rayuka a gefe biyu.

Mutuwa a Tunus

A 1267 ya sake ɗaukar alwashin yaƙi, jikinsa ya riga ya yi rauni har hawan doki na ba shi wahala. Joinville ya ƙi binsa. Hujjarsa ita ce, a tafiyar farko, da sarki ya ba da baya, ma'aikata sun talauta mutanensa, don haka zama ya kare su ya fi masa lada. Wannan shaida ce mai nauyi daga bakin amini: gyaran Luwi a kan mutum ɗaya ya rataya.

A watan Yuli 1270 rundunar ta sauka kusa da kangon Kartaj, a ƙasar Halifa Mustansir na Tunus, bisa wani zato maras tushe cewa halifan na son shiga Kiristanci. Wannan Mustansir ba baƙo ba ne ga tarihin yankin nan. Ibn Haldun ya rawaito cewa a 1257 sarkin Kanem ya aika masa kyaututtuka har da raƙumin dawa, mutanen Tunus suka yi cincirindo wajen kallo. Hanyar ayarin Kanem kuwa ta Kawar take bi, cikin ƙasar Nijar ta yau. Birnin da Luwi ya zo ci kasuwa ce da fataken Sudan suka sani.

Ba a yi wani babban yaƙi ba. Zafi da rashin ruwa mai kyau suka haifar da annoba a sansani. Ɗansa Jean Tristan, wanda aka haifa a Dimyaɗ lokacin da uban ke tsare, ya riga shi. Ran 25 ga Agusta 1270 Luwi ya cika yana da shekara 56, kwance bisa toka kamar yadda ya nema. Wani binciken likitoci da aka yi wa ƙashin haɓarsa, aka bayyana a 2019, ya nuna yana fama da cutar da rashin cin ɗanyen ganye da ƴaƴan itace ke kawowa. Ƙanensa Sharl, sarkin Sisili, ya yi sulhu da halifa a kan zinariya da damar ciniki, aka ɗauki ƙasusuwan zuwa Saint-Denis. A Tunus kuwa wata almara ta tsiro, wai bai mutu ba, musulunta ya yi ya zama waliyyi Sidi Bu Sa'id, alhali shi wannan bawan Allah ya rasu tun 1231.

Yadda aka ba shi walittaka

A wurin Musulmi, jama'a ce ke shaidar waliyyi, kamar yadda Katsinawa suka shaidi Ɗan Marina da Ɗan Masani ba tare da wata takarda ba. A wurin Katolika sai an yi shari'a. Daga 1282 zuwa 1283 wakilan Fafaroma suka zauna a Saint-Denis, suka saurari shaidu 38 a kan rayuwarsa, cikinsu har da Joinville, da wasu fiye da 300 a kan karamomin da aka ce sun auku a kabarinsa. A watan Agusta 1297 Fafaroma Bonifas na Takwas ya tabbatar da shi, a daidai lokacin da yake neman sasantawa da jikan mamacin a kan rikicin haraji. Siyasa ba ta rabu da sunan ba tun daga nan. Sarakunan Faransa suka yi ta tinƙaho da shi, a zamanin mulkin mallaka kuma Kardinal Lavigerie ya gina babbar majami'a da sunansa a Kartaj, aka buɗe ta a 1890, aka miƙa ta ga gwamnatin Tunisiya a 1964. A 1996 masanin tarihi Jacques Le Goff ya fitar da babban littafi a kansa, inda ya yi ƙoƙarin raba mutumin da siffar da limamai da fadawa suka ƙera masa.

Kwana arba'in

Ba sai an je Faransa ake samun waɗannan ƙa'idodi ba. Labarin mai karɓar zakkar da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, da irin tsawatarwar da Manzon Allah ya yi masa, sananne ne ga duk almajiri. Halifa Umar ya riƙa ƙididdige dukiyar gwamnoninsa. Shehu Magili, cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya nanata haɗarin sarki ya ɓuya wa talakawansa, ya kuma yi umurni da binciken ma'aikata. Ƙa'ida ba ta taɓa yin ƙaranci ba, mai zartar da ita a kan kansa ne ke wuyar samu.

Nijar ma ta ga hukumomin bincike: kwamitin laifuffuka da cin amana na Babban Taron Ƙasa na 1991, da HALCIA da aka kafa a 2011, da COLDEFF a 2023. Abin da talaka ya fi gani dai shi ne, galibi wanda ya sauka ake bincike, mai ci kuma sai ranar da shi ma ya sauka. Luwi nasa mutanen ya bincika, yana kan gado, kuma daga baitulmalinsa aka biya. Musulmi ba zai ɗauke shi waliyyi ba, Bayahude yana da dalilin ƙin jin sunansa, amma manomin Jiratawa da mai loda kaya a hanyar Ɗan Isa za su fahimci amfanin dokar da ta ce shugaban duwan ko na jandarma da aka canza wa wuri ya ajiye hula ya zauna gari kwana 40, ƙofa a buɗe, kafin ya ɗaure kayansa. Ma'aikacin da ya san wannan zama na jiransa, tun ranar kama aiki zai fara lissafin abin da yake sawa aljihu.